Randa, Salka da Ganga: Tarihin Inabin Ƙasar Andalus

Duk almajirin da ya durƙusa gaban malami a zauren Fakku, ko na Kebbe, ko na Tambuwal garin Buhari ɗan Shehu, har Allah ya ba shi ikon ƙetare Ahalari da Ishmawi ya kai ga manyan littattafai, to, haƙiƙa ya sha daga ilmin Andalus, ko da kuwa bai taɓa ganin inda take a taswira ba. Muwaɗɗar Imamu Malik da ake karantawa a ƙasashenmu riwayar Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi ce, mutumin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 848. Ishiriniyar da ake rerawa a daren Mauludi ta Alfazazi ce, shi ma haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1230, kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya lissafa ta cikin abin da ya karanta a wurin wansa Shehu Usmanu. Tuhfatul Hukkami kuwa, wadda alƙalanmu ba sa rabuwa da ita, Ibn Asim alƙalin Garnaɗa ne ya tsara ta kafin rasuwarsa a 1426. Wannan ƙasa da ta aiko mana da waɗannan taskoki ita ake kira Sifaniya a yau, kuma babu wata ƙasa a duniya da ta kai ta yawan gonakin inabi, gama filin da ta ba wannan itace ya haura hekta 900,000, mafi yawansa kuma ba don ci ake noma shi ba, sai don a matse a yi giya.

Hukuncin giya a wurinmu ba abin jayayya ba ne, nassi ya yanke shi, ijma'i ya rufe ƙofarsa, kuma ba don a kwaɗaitar da kowa aka ɗauki alƙalami ba. Sai dai malaman usulu sun koya mana cewa ba a hukunta abu sai bayan an san haƙiƙaninsa, tarihin wannan itace kuwa ya ratsa ta cikin tarihinmu ta wuraren da ba kowa ya lura da su ba. 'Yan kasuwar Sifaniya na yanzu sun kasa jar giyarsu kashi biyu: akwai wadda aka kwantar shekara ɗaya ko biyu a cikin gangar katakon balluɗ, wani babban itace mai tauri na ƙasashen sanyi, akwai kuma wadda ba ta taɓa katako ba ko kaɗan, wadda galibi ake haɗa ta da irin inabi biyu ko uku a sayar tun tana sabuwa. Mutane da yawa, har a cikin Turawan kansu, suna zaton ta ganga ita ce gadon kaka da kakanni, ɗayar kuwa bidi'ar zamani ce. Al'amarin akasin haka yake, kuma yadda aka yi ya juye shi ne abin da nake so in bi sawunsa.

Finiƙawa, 'yan kasuwar teku daga gaɓar ƙasar Sham, su ne suka kafa birnin Kadis a kudancin tsibirin, wajen shekara 1100 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, bisa ga abin da magabatan masu tarihi suka ruwaito, kuma ta hannunsu sana'ar matsar inabi ta kafu a wannan gaɓa. Rumawa suka zo suka faɗaɗa ta, har wani ɗan Kadis mai suna Kolumela ya rubuta littafin noma mai juzu'i 12 a ƙarni na farko na Miladiyya, inda ya ba inabi babban rabo. Mazubin wancan zamani yumɓu ne: manyan randuna da ake binnewa a ƙasa har wuya domin ruwan ya tafasa a cikinsu, da tuluna masu hannu biyu da tsinin gindi da ake jerawa a cikin jirgi. Da yake yumɓu yana tsatsafo, sai a narka ƙaron itacen fir a shafe cikin tulun da shi har ya toshe kowace ƙofa. Abin da ke faruwa a ciki kuwa sananne ne: a jikin ɓawon inabi akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke cinye zaƙin ruwan su mai da shi abin maye, suna fitar da iska da kumfa, launin ja kuma daga ɓawon yake fita, domin ruwan cikin ɗan inabi, ko baƙi ne, galibi fari yake.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata, domin wannan tulu da aka shafe da ƙaro ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta babin abubuwan sha a Muwaɗɗa, ko ƙarshen Risala, ko Muhtasar na Halil. Lokacin da wakilan ƙabilar Abdul Ƙaisi suka zo Madina, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana su jiƙa dabino ko zabibi a cikin mazubi huɗu: duma, da koren tulu mai sheƙi, da kututturen dabino da aka fafe, da mazubin da aka shafe da ƙaro, aka bar musu salkar fata wadda ake ɗaure bakinta. Illar da malamai suka ambata ita ce waɗancan mazubai suna gaggauta tafasar jiƙo, suna kuma ɓoye ta, har mutum ya sha abin maye yana tsammanin ruwan dabino yake sha, alhali salka tana numfashi, idan abin cikinta ya fara canzawa sai ta kumbura ta tona asirinsa. Matan Fakku ba su buƙatar sharhi a kan wannan, gama kowace mai dama fura ta san tsohuwar ƙwarya ta fi sabuwa saurin tsamar da nono, saboda abin da ya shige cikin jikinta wanda wanki ba ya fitarwa. Wasu mazhabobi sun tafi a kan cewa an shafe wannan hani daga baya, suna kafa hujja da hadisin Buraida. Malikawa kuwa suka bar karhanci a kan duma da mazubin ƙaro. Haka nan aka hana jiƙa iri biyu wuri ɗaya, kamar dabino da zabibi, ko ɗanyen dabino da nunanne, domin haɗin yana ƙarfafa jiƙon ya sa shi saurin juyawa. Ashe ke nan mas'aloli biyun da masu giyar Sifaniya ke taƙama da saninsu a yau, wato tasirin mazubi da tasirin gauraya, fuƙaha'unmu sun riga sun tsettsefe su tun ƙarnonin farko. Su sun neme su ne domin su guje wa maye, waɗancan kuwa domin su same shi.

Da Ɗariƙu ɗan Ziyad ya ƙetare mashigin teku a 711, ya tarar da ƙasa cike da gonakin inabi, Musulmi kuma ba su sare su ba a tsawon mulkinsu na kusan ƙarni takwas. Masu tarihin Andalus sun ruwaito cewa Halifa al-Hakam na biyu, wanda ya yi mulki a Ƙurɗuba daga 961 zuwa 976, mai ɗakin karatun nan da ya shahara, ya ƙi giya ƙi mai tsanani, ya yi umurni a zubar da ita, har ya nemi shawara a kan tumɓuke itacen inabi daga dukan ƙasarsa. Mashawartansa suka ce masa, ranka ya daɗe, idan ka tumɓuke inabi da ɓaure za su yi ta, sai ya janye. A ganina wannan shawara ta fi ƙudurin halifan kusa da ruhin shari'a, domin itace ba ya saɓo, kuma Alƙur'ani ya lissafa inabi cikin ni'imomi a wurare da dama.

Abin da Musulmin Andalus suka yi da wannan ni'ima yana da yawa. Sun ci shi ɗanye, sun rataya nononsa a rumfuna ya kai su tsakiyar hunturu, sun shanya shi ya zama zabibi wanda ake sa wa a tuwo da miya da magani, sun yi khal da shi, sun kuma dafa ruwansa har ya yi kauri ya zama rubbu, bisa ga abin da Sayyidina Umar ya halatta wa mutanen Sham na dafaffen ruwan inabin da kashi biyu cikin ukunsa suka ƙone. Ibn Bassal na Ɗulaiɗila a ƙarni na 11, da Ibn al-Awwam na Ishbiliya a ƙarshen ƙarni na 12, sun rubuta yadda ake dasa shi, da yi masa aski, da yi masa aure, littafin na biyun ma Turawa suka ga ba su da kamarsa har suka fassara shi da Sifaniyanci a 1802. Ibn Baɗuɗa ya shiga Malaƙa wajen 1350 ya ga ana sayar da ratali takwas na inabi a kan ƙaramin dirhami ɗaya. Bayan shekara uku kacal yana Takedda, yana ba da labarin tagullar da ake kaiwa Gobir.

Amma kada son Andalus ya sa mu rufe ido. Nasara da Yahudawa da ke zaune ƙarƙashin amana suna matsar giyarsu, ana karɓar haraji a kai, kuma cikin Musulmi, musamman 'ya'yan sarauta da mawaƙan fada, akwai waɗanda suka sha ba a ɓoye ba. Shaidar haka tana cikin dokokin da aka yi ta maimaitawa: Ibn Abdun, wanda ya rubuta risalar hisba ta Ishbiliya a farkon ƙarni na 12, ya ce kada a sayar da inabi mai yawa ga wanda aka san matsewa zai yi, kada kuma masu gilashi su ƙera kofunan sha, Sarkin Muwahhidai Yaƙubu al-Mansur kuwa rubbun ma ya hana, da ya ga mutane sun mai da shi mayafi, suna rage dahuwarsa suna kiransa da sunan halal. Dokar da ake sabuntawa kowane ƙarni alama ce ta laifin da bai mutu ba.

Garuruwa suka yi ta fita daga hannun Musulmi, Ɗulaiɗila a 1085, Ƙurɗuba a 1236, Ishbiliya a 1248, Sharish a 1264, Garnaɗa a 1492, sa'an nan tsakanin 1609 da 1614 aka kori sauran jikokinsu. Duk inda Nasara suka karɓa, ruhubanawa ne ke fara shiga su kafa gidan ibada su dasa inabi, domin giya tana cikin ibadarsu, sarakuna kuma suna ba baƙi filaye da sharaɗin dasa shi, saboda mai itacen da ba ya 'ya'ya sai bayan shekara uku ko huɗu ba ya gudu ya bar iyaka. To, amma mazubi bai canza ba. Galibi a garuruwan da ke gaɓa ko kusa da ita, irin su Sharish da Malaƙa, inda jiragen Ingila ke lodi, aka san gangar katako da wuri, har an ruwaito cewa lokacin da Faransis Direk ya kai hari Kadis a 1587 ya kwashi ganga kusan 3,000. A cikin ƙasa kuwa, inda babu kogin da jirgi ke bi, kuma tsaunuka sun datse kowace hanya, randa ce da salka. A Biyarrobledo da Kolmenar a wancan zamani akwai zuriyoyin magina da ke gina randar da ta fi mutum biyu tsawo, ba da na'urar juyi ba, da hannu suke ɗora yumɓu zobe a kan zobe, a bari ya sha iska kafin a ƙara wani, har a yi watanni ana aikin guda, ta ci lita dubbai. A gasa ta, a ɗora a keken shanu a kai ta ramin ajiya, a kafa dakalin katako a wuyanta domin ma'aikaci ya samu wurin tsayawa ya leƙa ciki. In za a kai kasuwa sai a ɗura a salkar akuya wadda aka juya gashinta ciki aka shafe da ƙaro, a ɗora wa alfadari. Irin wannan giya ba ta shekara. Kafin sabon inabi ya nuna ta yi tsami, abin da ya saura kuma a zubar, har akwai labarin garuruwan da suka kwaɓa ƙasar gini da ita a shekarar da ta yi yawa ruwa kuma ya yi wuya.

Wannan rashin hanya shi ne asalin bambancin da ke tsakanin lardi da lardi, domin kowane yanki ya zauna da irin da ƙasarsa ta karɓa. A Galisiya ta arewa maso yamma, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, sai an ɗaga itacen a kan ginshiƙan dutse sama da kan mutum don kada laima ta ruɓar da 'ya'yan. A Lamanca, faffaɗan tudun tsakiyar ƙasar, akasin haka ake yi: a bar shi gajere kamar kututture, ganyensa ya yi wa gindinsa inuwa, a ba da tazara mai faɗi tsakanin wannan da wancan domin kowane ya samu ɗan danshin da zai rayu, gama har 1996 doka ba ta yarda a yi wa inabin giya ban ruwa ba. A Humiya ta kudu maso gabas ruwan shekara bai wuce milimita 300 ba, wato bai kai rabin abin da ke sauka a kudancin Sakkwato ba, kuma irin da ya jure wannan ƙishi shi ne monastrel, mai ƙananan 'ya'ya da kaurin ɓawo. Aragon ta riƙe garnaca mai son zafi da iska, Utiyel ta riƙe bobal, Biyerso ta riƙe mensiya, Riyoha da kwarin kogin Duwero kuma suka riƙe tempraniyo mai saurin nuna. Gauraya ma ba gwaninta ce ta kawo ta ba tun farko, tsoron asara ne: manomi yakan dasa iri uku ko huɗu a gona ɗaya, har da fari a cikin baƙi, domin in sanyin bazara ya kashe mai saurin toho, mai jinkiri ya tsira, ranar girbi kuma a kwashe duka a zuba wuri ɗaya. Daga baya ne aka lura cewa wannan yana kawo launi, wancan ƙarfi, ɗayan tsami, aka mai da larura ilmi. Mutanen Baldepenyas sun daɗe suna haɗa farin airen mai yawa da baƙi kaɗan, kuma da jirgin ƙasa ya iso musu a 1861, wannan haɗin ne ya cika shagunan Madrid.

A Riyoha, musamman ɓangaren Alaba da ke arewacin kogin Ebro, ƙananan manoma suna da tasu hanya: su zuba nonon inabi ɗungum, ba a tsinke ba, ba a murƙushe ba, a cikin wani babban kwarmin dutse marar murfi, nauyin na sama ya fasa na ƙasa, iskar da ke tashi ta lulluɓe sauran, kowane ɗa ya yi ta canzawa a cikin ɓawonsa, bayan mako guda ko fiye maza su shiga su tattake da ƙafa. Wannan ita ce tsohuwar giyar Riyoha, ba ta san katako ba, kuma har yau ana yin ta.

Wanda ya fara ƙoƙarin sauya wannan hali wani limamin coci ne daga garin Labastida, Manuwel Kintano, wanda ya tafi Bodo ta Faransa wajen 1785 ya ga yadda suke tsinke 'ya'yan daga karan, su tace ruwan, su kwantar da shi a ganga. Ya dawo ya gwada, abin ya yi kyau, har kayansa suka ƙetare teku zuwa Habana da Berakurus ba su lalace ba. Sai maƙwabtansa suka ga in aka bar shi zai karya musu kasuwa, suka sa hukumar gari ta yi doka cewa duk giyar yankin kuɗinta ɗaya. Da yake ganga tana da tsada, mai ita kuma sai ya jira shekaru kafin ya ga kuɗinsa, wannan doka ta isa ta kashe aikin, yaƙin Napoliyon kuma ya zo ya binne shi. Hassadar 'yan gari ɗaya ba ta da ƙabila. Sai bayan rabin ƙarni Lusiyano Murriyeta, wani hafsan soja haifaffen Peru, ya sake gwadawa a Logronyo a 1852, gidan Riskal ya biyo baya a 1858, hukumar lardin Alaba kuma ta ɗauko wani gwani daga Bodo mai suna Jan Pino a 1862 don ya koya wa manoma. Mafi yawansu suka saurare shi suka koma kwarminsu, saboda ba su da jarin sayen ganga.

Abin da wa'azin gwani ya kasa, ƙwaro ya yi shi. A 1863 aka fara ganin wata cuta a gonakin kudancin Faransa, itace ya yi rawaya ya bushe ba a san dalili ba, sai daga baya aka gano wani ɗan ƙwaro da ido da ƙyar yake gani, filoksera, wanda ya shigo daga Amurka a jikin dashe, yana tsotsar saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Cikin shekara ashirin ya cinye babban rabo na gonakin Faransa. Faɗuwar wani tashin wani: a shekarar nan ta 1863 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Tudela zuwa tashar ruwa ta Bilbawo, ta ratsa wani ƙaramin gari mai suna Haro, dillalan Bodo kuma suka kwararo cikinsa da kuɗinsu da gangunansu masu cin lita 225. Aka gina rumbuna a gefen tasha don a mirgina ganga daga ƙofa zuwa tarago, gidan Lopes de Herediya a 1877, kamfanin CVNE a 1879, La Rioja Alta a 1890. Garin da bai kai a kira shi birni ba ya samu fitilun lantarki a titi a 1890, da reshen Bankin Sifaniya a 1892. Katakon kuwa galibi daga Amurka ake kawo shi, domin tsohuwar hulɗar Sifaniya da wancan ɓangare da kuma arharsa, shi ne mai ba abin da aka zuba masa wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, yayin da iskar da ke shiga ta jikinsa kaɗan-kaɗan take rage kaifin ruwan ta sa shi jure ajiya. Wannan ƙamshi, da Turawa ke ɗauka shi ne ainihin Riyoha tun fil azal, bai kai ƙarni biyu da kafuwa a can ba.

Daɗin bai daɗe ba. Faransawa suka gano maganin cutar, wato a yi wa itacen Turai aure da saiwar na Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, suka farfaɗo, suka ɗaga kuɗin fito a 1892. Ƙwaron kuma, wanda ya riga ya shiga Malaƙa tun 1878 ya rusa cinikin zabibinta, ya isa Riyoha a 1899. Manoma da yawa suka bar gida suka yi ƙaura zuwa Ajantina da Kuba. Waɗanda suka tsaya su ne manyan gidaje masu rumbu cike da ganga, kuma da aka zo tsara doka su aka saurara: aka keɓe sunan Riyoha a 1925, aka yi dokar giya ta ƙasa a 1932, daga bisani kuma aka jera daraja bisa ga daɗewa a katako, mai shekara biyu wadda ɗaya a ganga, mai shekara uku, da mai shekara biyar wadda aƙalla biyu a ganga. Ta haka giyar talaka, wadda ta girmi ganga da shekara dubu biyu, ta koma matakin ƙasa, ana kiranta yarinya.

Dawowarta kuwa ƙarfe ne ya jawo. Tun shekarun 1960 gidan Torres na Kataloniya ya shigo da tankunan ƙarfe marar tsatsa waɗanda ake iya sanyaya su, bayan Sifaniya ta shiga Tarayyar Turai a 1986 kuma kuɗi suka samu, ƙungiyoyin manoma na Lamanca da Humiya da Aragon suka fasa randuna da kwarmin siminti suka kafa su. Tankin ƙarfe ba ya ba ruwa komai, ba ya karɓar komai daga gare shi, yana wankuwa tas, don haka aibin tsohuwar hanya, wato saurin tsami da warin ƙaro, ya kau, ɗanɗanon inabin kansa ya fito. Da mutane suka gaji da ƙamshin katako, wanda a shekarun 1990 aka yi ta cika shi har ya rufe komai, sai 'yan kasuwa suka fara rubuta a jikin kwalba cewa wannan ba ta taɓa ganga ba, kamar wani sabon abu suka ƙago. Wasu ma yanzu suna bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin randunan da kakanninsu suka jefar a bayan gida.

Mu a nan, Turawan mulki da kansu sun sa Arewa cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje, bisa ga yarjejeniyar Burasal ta 1890, Jihar Sakkwato kuma ta koma ga hukuncin shari'a a 2000. Duk da haka kayan Sifaniya suna shigowa ta Legas da Kwatano, kuma akwai wurin da ya kamata a yi hattara. Gidan Garsiya Kariyon, wanda aka kafa a Humiya a 1890 domin sayar wa Faransawa a zamanin ƙwaron nan, shi ne mai Don Simon, sunan da 'yan kasuwarmu suka sani. Da wannan suna ɗaya ake yin ruwan 'ya'yan itace tsantsa, da shi kuma ake yin giya, duka a kwali. Mai saye don walima ko buɗa-baki ya duba jikin kwalin: in ya ga lamba da alamar kashi cikin ɗari, 7 ko 12 ko 13, to ma'aunin maye ne, ya ajiye.

Itacen kansa ya riga ya iso ƙasar Hausa. A Kudan, arewa da Zariya, manoma suna ɗaga shi a kan rumfunan waya, suna yi masa aski don su tilasta masa toho, tun da ƙasarmu ba ta da hunturun da zai sa shi barci kamar a Turai, suna kuma girbe shi da rani ana kai wa birane. Amma ɗanyen inabi ba ya jure hanya, zabibin da muke saye a kasuwa lokacin azumi kuwa daga waje ake kawo shi, alhali sana'ar yin sa ba ta buƙatar injin. Mutanen tsaunukan Malaƙa har gobe a rana suke shanya shi, a kan gangaren da ke fuskantar kudu, suna juya kowane nono da hannu, su rufe shi da dare saboda raɓa. Mutanen Deniya kuwa sukan tsoma shi cikin tafasasshen ruwan toka na ɗan lokaci kaɗan don ɓawon ya tsattsage, sa'an nan su baza a kan asabari ya bushe da wuri. Rana, da toka, da asabari, da fadamar da za a yi ban ruwa, babu wanda ƙasar Kebbe da Tambuwal ta rasa. Ina kira ga malaman gona na waɗannan ƙananan hukumomi biyu da su tura mutum Kudan ya zauna rani guda ya koyi askin da auren, ya dawo da dashe a gwada a fili ɗaya tukuna, kafin a ce wa talaka ya sa kuɗinsa.